Yaushe Ake Hawa Dutsin Barmo?

Shekara uku Nomau na aiko mini saƙo:
"Ka zo ka ga garinmu."
Shekara uku ina cewa to,
ina jiran lokacin da ya dace,
kamar mai jiran gulbi ya gama wucewa
kafin ya tsallaka.

Na tambayi Labo direba a tasha,
yana ƙarƙashin motarsa, ƙafafu kaɗai a waje.
Ya ce, "Ban da damina.
Ƙoramar gindin dutsin nan ba ta da kunya.
Bara kwana biyu ta tsare ni
da buhunan taki da akuya mai ciki,
sai da akuyar ta haihu ruwan ya janye."

Cima mai ƙuli-ƙuli can aka yanke mata cibiya.
Ta ce, "Kaka mana!
Rumbu ya cika har yana nishi,
gujiya a shanye kan kowane falalen dutsi,
kare ma sai ya shinshina ƙashi ya wuce.
Sai dai ka sani,
kafin a miƙa maka ruwa za a miƙa maka lauje."

Wani malamin lakwal da ya yi zama can
ya ce da ɗari dutsin yakan sha sanyi da dare
ya amayar da shi da asuba a cikin butar alwala.
Da rani kuwa rijiya na ƙasa, gari na bisa,
jakai ne ke sada su.

Ba wanda ya ambaci bazara.

Ni ma ba zaɓenta na yi ba.
Wuta ce aka ɗauke a Maradi kwana uku,
keken ɗinkina ya yi shiru,
ɗaki ya zama tanda,
masu kaya na leƙowa suna tsaki.
Na rufe shago, na ce gara zafin wani gari.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni inda yashi ya ƙare.
Na hau da ƙafa.
Dutsi na cizo ta cikin takalmi,
ƙadangare na ɗaga hannu ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗaya.
A bisa, gida bai fi talatin ba,
da masallaci, da aduwa guda mai rowar inuwa.
Nomau ya dube ni, ya dubi gumina,
ya ce, "Duk shekara ka rasa rana sai yau?"
Ya dama mini fura da ruwan da aka auna.

Bayan la'asar ya ja ni gabashin gari,
muka zauna bakin gaɓa, ba mai magana.
Ƙasa shimfiɗe a ƙasanmu kamar yadin da ba a yanka ba,
gawo nan, gawo can, har ƙarshen gani.
Sai ya nuna da haɓa.

Can nesa wani baƙi ya tsaya da ƙafafunsa.
Ban taɓa ganin ruwa yana tafiya ba.
A birni faɗo maka yake yi kawai,
a nan kuwa ga shi tafe, ƙauye bayan ƙauye,
yana rina ƙasa in ya wuce.
Ƙamshinsa ya riga shi isowa.
Yara suka ɓarke da ihu,
mata na jera tuluna ƙarƙashin indararo,
wata tsohuwa ta kwance bakin jakar iri da haƙori.

Ƙoramar Labo ta cika alkawari:
kwana huɗu ta tsare ni.
Aka ba ni ƙwaryar iri, na bi bayan Nomau,
yana sara, ina zubawa, ina rufewa da diddige.

Har yau in an tambaye ni wane lokaci ya fi,
sai in ce ban gama bincike ba.
Layi bakwai na shuka.
Jiya Nomau ya aiko cewa sun fid da kai,
in zo in girbe abina,
shi ba baran tela ba ne.